Gefen da Motar Ta Kwanta

Ranar da aka zauna rabon gadon Alhaji, malamin da ke rabon ya aiko a tambaye ni abin da nake so a fitar mini a tumunina. Ina ɗaki a lokacin, takaba ba ta ƙare ba. Na ce a faɗa masa motar nake so. Aka dawo aka ce ko ban ji da kyau ba, akwai gonar fadama, akwai shanu a hannun Fulani. Na ce kunnena ƙalau yake, motar na ce. Na ji ana dariya ƙasa-ƙasa a zaure, kuma na gane muryar kowa a cikin masu dariyar. Tsohuwar da ko keke ba ta taɓa hawa ba, me za ta yi da mota?

Ni ban yi boko ba, allon ma abin sallah kawai na samu a cikinsa. 'Yata ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta gyara mini baki.

Motar doguwa ce, baƙa, mai nauyi, irin ta manyan mutane. Kujerunta na fata ne, in aka rufe ƙofarta ba ka jin hayaniyar waje. Alhaji ya saye ta lokacin da cinikin hatsi ke yi da shi, yana tara dawa da masara a Kibiya da Tarai yana turawa Kano. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce, ta yi wa wani bauta a ƙasar waje kafin ta iso mana. Ta fi shekara ashirin a ƙofar gidanmu a Kibiya, ƙarƙashin dalbejiya. Shi bai taɓa tuƙa ta ba. Da farko direba ke jan ta, da kasuwa ta ja baya sai babban ɗana ya karɓi tuƙin. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba kuma a takarda zan fara ba.

Zaman motar yana da ƙa'ida. Alhaji a baya ta dama, ni a baya ta hagu, bayan mai tuƙi. Wata rana da damina, ruwa ya kwanta ta gefena, sai na shiga ta ƙofarsa na zauna a wajensa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar, yayyafi na sauka a kan hularsa, ya ƙi zagayawa. Sai da na ja jikina na koma gefena sannan ya shiga. Na ce a raina, girman kai dai, har kujera sai an nuna wa mutum ta mai gida ce.

Ina da ciwon baya. Daga kan tsanin rumbu na faɗo wata shekara da kaka, tun daga nan ban sake zama a kan tabarma ba tare da na jingina ba. Motar kasuwa in na shiga, sai na kwana uku ana gasa mini baya da ruwan zafi. Amma a motar Alhaji, ko asibitin Rano za a kai ni, ko biki a Zinyau inda kwalta ba ta kai ba, sai in sauka kamar ban yi tafiya ba. Na sha faɗa wa mata cewa waɗanda suka ƙera motar nan sun san abin da suke yi. Alhaji in ya ji sai ya ce, "Sun sani kam."

Ni mace ce mai ido. A gidan nan ba a ɗaukar ko ludayi ban sani ba. Ina gane wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, ina gane an taɓa buhu daga yadda aka mayar da ɗaurin bakinsa. Don haka ni na fara lura motar ta fara kwanciya ta gefen dama a baya, tun ba kowa ya gani ba. Na ce, "Alhaji, tuwo ya kwantar maka da mota." Ya ce, "Ke dai ki zauna a wajenki." Shekara ta zagayo, kwanciyar ta ƙaru, ga wata ƙara da take yi ta gefensa in an faɗa rami, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙarfe da ƙarfe. Na yi masa faɗa ba sau ɗaya ba. Na ce mota tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya, mutane na kallo, in ba zai gyara ba ya sayar. Na kira shi marowaci a gaban ɗansa. Shi dama ba mai magana ba ne. In yana jira na a mota ina ɗaura mayafi, ba ya aike, ba ya sa a danna oda, sai dai ya riƙa buga zobensa na azurfa a jikin ƙofa, ƙwas, ƙwas, har in fito.

Tafiyarmu ta ƙarshe da shi bayan la'asar aka yi ta. Cikinsa ya kumbura, ko ruwa ba ya zama. Ɗana ya ce a kwantar da shi a kujerar baya gaba ɗaya, ni in koma gaba. Alhaji ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Kowa ya zauna a wajensa." Aka zaunar da shi a dama, na zauna a hagu. Yaron ya ɗauki hanyar Rano da gudu. Duk ramin da muka faɗa sai Alhaji ya yi nishi. Ni kuwa ban ji wani rami na a zo a gani ba, motar na lilo da ni a hankali kamar kullum. Akwai wani kwalbati da bakinsa ya zaizaye, da muka hau shi ya saki wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na juya na ce, "Haba Alhaji, nishin nan ya isa haka. Yaro na tuƙi kana tayar masa da hankali. Ka daure mana, kamar ba namiji ba." Ya dube ni, ya sa haɓar rawaninsa a baki ya cije. Bai sake yin nishi ba har muka isa. Kwana biyu ya yi a asibiti Allah ya karɓi abinsa.

Da na fita takaba, farkon abin da na gani a ƙofar gida motar ce, a kwance ta dama kamar yana ciki. Na san matacce ba ya dawowa, ina sallah, ba sai an koya mini ba. Amma kullum da hantsi in na leƙa ta zaure, sai in ga baƙar mota ta karkata, gilashinta mai duhu, sai in ce na bar shi yana jira. Sau nawa na tsinci kaina ina gaggawar ɗaura mayafi ba inda za ni. In ɗana ya kai ni unguwa, na zauna a hagu, muka faɗa rami, sai in ji ƙwas, ƙwas ta gefen da babu kowa. Ba na juyawa. Ba na jin daɗin abin, ba na kuma so ya daina. Abin da ya rage mini nasa ke nan da ke motsi. Rigunansa an rabar, zoben yana hannun ƙaninsa.

Bayan shekara biyu, wata safiya ɗana ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Inna, motar nan sai an canja mata shokazoba na baya."

"Mene ne kuma haka?"

"Ƙarfen da ke shanye bugun rami ne, yana bayan kowace taya. Na dama ya mutu murus. Shi ya sa take kwanciya, shi ke wannan ƙarar."

"In an canja fa?"

"Sai ta miƙe, ƙarar ta ɗauke."

Na ce ba za a taɓa ba. Ya ce jiya a kwanar da ke kusa da kwalbatin nan bayan motar ya kwashe masa, saura kaɗan ya tafi cikin gonar mutane. Ya ce matarsa ta shiga watanta, ungozoma ta ce wannan karon a asibiti za ta haihu, shi kuwa ba zai sa mace mai ciki a motar da ba ta riƙe hanya ba. Ya ce wata biyar yana neman shokazoban, sai yanzu aka samo masa guda biyu a Kano, daga wata irinta da aka buge ta gaba, bayanta bai taɓu ba. Na ce motata ce ko tasa? Ya ce tawa ce. Na ce to ya tashi.

Kwana goma muka yi a haka. Ina kallon yarinyar tana tsallake tsakar gida da hannu a ƙugu, ƙafafunta sun kumbura, ta gaishe ni ta wuce. A rana ta goma sha ɗaya na kira shi na ce a je, amma da ni za a, kuma a gabana za a kwance ko noti ɗaya ne.

Garejin yana bayan tasha a Rano, fili ne da inuwar mangwaro, ƙasa ta yi baƙi da mai. Bakaniken dattijo ne, gemunsa ya yi fari, shi ke duba motar tun zuwanta. Da ya ga na fito daga baya sai ya ajiye kofin shayinsa.

"A'a! Yau sufeto aka kawo mana. Hajiya, barka da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ba gaisuwa ta kawo ni ba, Malam, kallo na zo."

"To a ba Hajiya benci. Ki zauna nan, in na saci noti ki kama ni."

"Zan kama ka kuwa."

Ya yi dariya ya shafa bayan motar kamar mai shafa doki. Ya danna gefen hagu da hannu biyu ya saki, ta taso ta tsaya. Ya zagaya ya danna dama. Ta tafi ƙasa, ta yi ƙwas, ba ta taso ba. Na kawar da kai.

Suka sa jak suka ɗaga bayan, aka tokare da kututture, aka cire tayoyin biyu. Na tashi daga benci na zo na leƙa, ina dafe da sandata. Na dama baƙi ne ƙirin, mai ya zubo masa ya kama ƙasa ya daskare, tsatsa ta cinye notinsa har ba a gane kansa. Na zagaya hagu. Wannan shuɗi ne, fentinsa na nan, notinsa da alamar sifana a jiki. Ba sai na yi boko ba kafin in gane waɗannan biyun ba tare suka tsufa ba.

"Malam, zo nan. Wannan an canja shi."

"An canja."

"Wancan kuwa tun na ƙasar waje ne."

"Tun na can ne."

"To ina ɗan'uwansa? Ko Alhaji ya kawo biyu ka sa ɗaya ka ɓoye ɗaya, ka bar bawan Allah yana yawo a karkace?"

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya goge hannu da tsumma, ya dubi ɗana, ɗana ya dubi ƙasa.

"Hajiya, a aikinmu ba a canja shokazoba ɗaya. Biyu ake sawa tare, ko a bar su tare. In ka sa lafiyayye a gefe guda, nauyin duk sai ya koma kan mai rauni, ya ƙarasa shi. Na gaya wa Alhaji haka a nan inda kike tsaye. Matsalar, irin na wannan motar ba a samunsa a kanti. Sai an farfasa wata irinta a Kano, kuma sau da yawa ɗaya ne ke fita da rai. In ya samo ɗaya sai ya kawo shi a buhu ya ce in sa a hagu. In ce Alhaji a jira a samu na biyu. Ya ce bayan da ke ciwo ba ya jira. In ce to na daman ne ya fi mutuwa, a sa a can. Ya ce wanda ke zama a can ba ya ƙorafi."

"Sau nawa?"

"Sau uku. Wannan shuɗin shi ne na ƙarshe. Na ce masa wallahi Alhaji ka ɓata mini suna, duk wanda ya ga motar nan zai ce ban iya aiki ba. Ya ce in an tambaye ni in ce mai motar ne marowaci."

Na juya wajen ɗana.

"Kai ma ka sani?"

"Ni ke tuƙo shi nan, Inna."

"Ka sani na kira shi marowaci a gabanka, ka yi shiru?"

"Ya ce in na faɗa miki bai yafe ba. Ya ce in kika sani za ki ce a mayar gefensa, in an ƙi ki daina shiga motar ki koma ta kasuwa."

Haka kuwa da na yi. Ya san ni.

Na koma benci na zauna. Mai rake na wucewa, wani yana buga ƙarfe can gefe, ana kiran Kano, Kano a tasha. Ni da ke gane an taɓa buhu daga ɗaurin bakinsa, na shekara da shekaru a kujera ɗaya da mutum, tsakanina da shi bai fi kamu uku ba, ban san hanyar da yake bi daban take da tawa ba. Bakaniken ya ɗauko sifana zai durƙusa ta dama.

Na ce, "Dakata. Ku mayar da tayoyin."

"Hajiya?"

"Ku mayar, ku sauke ta. Gobe ma rana ce."

Bai yi musu ba. Da aka sauke motar na zagaya na buɗe ƙofar dama. Fatar kujerar ta lotsa daidai jikinsa. Na shiga na zauna a ciki. Ɗana ya leƙo ya ce, "Inna, bayanki." Na ce ya shiga ya ja, kuma gudun da ya yi ranar da muka kai Alhaji asibiti shi nake so, in ban da kwanar kwalbati.

Tun kafin mu bar Rano na gane. Ƙaramin ramin da a hagu ba na ko sanin an wuce shi, a dama sai ya shigo ta ƙasan kujera ya bi ƙashin bayana har ƙeya. Ƙwas ɗin nan da nake ji daga nesa kamar bugun zobe, ashe a ƙarƙashin mutum yake, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe ba abin da ke tsakani. Duwatsun Rano suna rawa a gilashi. Na riƙe madafar ƙofa, na ga inda fatarta ta goge ta yi santsi, daidai inda yatsu huɗu ke kamawa. Gonakin dawa na wucewa, an fara yanka, ban ga komai da kyau ba. Ina lissafa ramukan ɗaya bayan ɗaya, ina tuna wanne ya yi nishi a kansa. Na ce a raina ba zan yi ƙara ba, lafiyata ƙalau, cikina bai kumbura ba.

Da muka hau kwalbatin, duk da yaron ya rage gudu, ƙarar ta fita daga bakina ban sani ba. Ya taka birki ya juyo, idonsa ya yi ja. Na dubi hagu. Kujerata na nan a shimfiɗe, babu kowa a kanta, babu wanda zai ce mini in daure. Na ce ya ja mu je. Na sa bakin mayafina a baki na cije har Kibiya.

Kwana huɗu ban tashi ba, surukata da cikinta ita ke kawo mini ruwan zafi. Tun a rana ta farko na ce wa ɗana ya mayar da motar Rano a sa duka biyun, kada ya jira ni. Na ce ya taho mini da tsohon na dama. Ya kawo shi a buhu ya ajiye a gabana. Na sa tafin hannu na danna kansa, ni tsohuwa, ya nutse ba gardama, ya tsaya a can ƙasa. Yana cikin rumbu yanzu, a rataye.

Da na samu na fita ƙofar gida, motar na tsaye a ƙarƙashin dalbejiya, ta miƙe sambal. Na daɗe ina kallonta. Mota ce kawai, tsohuwa, babu mai jira a ciki.

Bayan sati biyu naƙuda ta kama yarinyar da hantsi. Na sa aka zaunar da ita a hagu, ni na shiga dama, na riƙe mata hannu. Muka wuce kwalbatin ba wanda ya ji. Na kasa kunne duk da haka, tun daga Kibiya har ƙofar asibiti, ban ji ƙwas ko ɗaya ba. Ta haifi 'ya mace kafin azahar.

A dama nake zama yanzu. Lotsawar kujerar ta fi ni faɗi, in na zauna sai wuri ya ragu ta kowane gefe. Ɗana ya ce akwai mai gyaran kujera a Rano, zai cika ta da soso ta koma daidai. Na tambaye shi ko wannan ma yana kwashe mota a kwana. Ya ce a'a. Na ce to a bar ta.